Bakancen Phi Ruai Mai Taliyar Agwagwa

Shekara ashirin da wani abu ke nan ina dakan kwaɗon gwanda a rumfar da ke jingine da shagon Phi Ruai, don haka duk wanda ya zo muku da labarinsa, ku fara tambayarsa ko ya taɓa cin abinci haɗe da hayaƙin motar nan. Ni na ci har na ƙoshi. Samruai ne sunansa na takarda. Mu da ya girme mu muna ce masa Phi Ruai, wato Yaya Ruai, yara kuma su ce Lung, wato kawu. Taliyar agwagwa yake sayarwa a bakin ruwan unguwarmu a Pathum Thani, shi da matarsa Phi Nian. Gajere ne mai tumbi, ga sanƙo, ga haƙuri da masu saye. Daga Litinin zuwa Asabar ba ka da mutum mai hankali irinsa. Lahadi ce matsalar.

Motar tsohuwar 'yar Japan ce mai ƙofa biyu. A bayan gidan wani malamin makaranta ya tsinto ta, kaji sun mai da ta akurki. Ya fitar da injinta ya yar, ya tafi kasuwar Siang Kong inda ake jibge motocin da aka yanko rabi-rabi daga Japan, ya sayo injin mai silinda shida na wata ƙatuwar motar manya. Injin ya ƙi shiga. Ya yanke nan, ya doke can da guduma, ya zage shi da sunan uwarsa, har ya shiga. Daga nan ya ɗaura masa turbo, wanda mu katantanwa muke ce masa saboda naɗinsa. Nasa ya kusa girman tukunyar romonsa.

Sai kuma maganar nauyi, wai mota ba ta gudu sai ta rame. Ya cire kujeru, ya cire kafet, ya cire rediyo, ya cire na'urar sanyi a garin da ko kare ba ya yawo da tsakar rana. Duk abin da ya kwance sai ya ɗora a sikelin agwagi ya auna, ya kira ni in zo in gani, ni da ba abin da ya dame ni. Abu biyu ne kawai bai taɓa ba: layun da ya jera a gaban sitiyari, waɗanda sun fi kujerar da ya cire nauyi, da kuma tumbinsa.

Duk wannan wahala saboda mutum ɗaya ce, Hia Win mai gidan ƙanƙara. Tare suka yi firamare, tare suka yi wanka a ruwan nan, kuma tun a lokacin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Hia Win dogo ne siriri, bakinsa ba linzami, yana da tasa motar fara sol da ya daɗe yana cin kofi da ita. Abin dariyar, kafin a tashi tsere sai an lulluɓe bututun iskar injin da ƙanƙara don ya sha sanyi, kuma duk yankin ba mai ƙanƙara sai Hia Win. Saboda haka kowace safiyar Lahadi sai Phi Ruai ya je gidan abokin gabarsa ya yi layi da buhu.

Ranar da ya fara kai motar filin tseren da ke bayan gonakin shinkafa ina wurin, domin can nake kai turmina ran Lahadi. Hia Win ya zagaya motar, ya leƙa ciki, ya shinshina.

“Ai Ruai,” in ji shi da ƙarfi yadda kowa zai ji, da “Ai” ɗin nan da muke kiran abokin wasa da shi, “wannan mota ce ko tukunyar romon ce ka sa wa taya? Jama'a ku zo ku shinshina, na rantse har yanzu warin kashin kaji take yi.”

“Mu haɗu a layi, Ai Win.”

“A layin ƙanƙara? Ai mun haɗu da safe.”

Suka jera. Fitila ta yi kore, Hia Win ya ɓace, motar Phi Ruai ta yi tari sau biyu ta mutu a inda take. 'Yan kallo suka yi ta dariya har wani ya faɗo daga benci.

A ƙarshen filin akwai tsohuwar ceɗiya ɗaure da ƙyallaye kala-kala, inda Chao Pho, aljanin da muke girmamawa, yake zaune, shi ne mai wurin tun kafin a zuba kwalta. Ka roƙa, ka faɗi abin da za ka biya, in ya yi maka ka kawo. Masu hankali cewa suke yi dafaffen ƙwai, ko kan alade, ko jan lemon kwalba. Wanda ya yi alkawarin giwa sai ya kawo ta katako, kuma Chao Pho bai taɓa yin ƙorafi ba. To ranar da la'asar ina bayan bishiyar ina wanke turmi a famfo, sai ga Phi Ruai ya turo motar har gindinta, fuska ja wur. Ya kunna turare, ya durƙusa.

“Chao Pho, ka dai ji abin da ɗan banzan nan ya yi mini. In ka ba ni nasara a kansa, ko sau ɗaya ne, motar nan taka ce. Wannan ɗin da kake gani, da injinta da katantanwarta. Ba ta roba ba, ba ta katako ba.”

Na leƙo na ce, “Phi, ka ji abin da bakinka ya faɗa kuwa?”

“Na ji sarai, Lamduan. Koma ki yi wankinki.”

Bai ji ba. Sai da damina ta wuce, ya gano abin da ke kashe masa mota, ya gyara, suka sake jerawa, sannan ya ji. Fitila ta yi kore, motar ta ɗaga hanci ta fizga, kafin tsakiyar fili ya bar Hia Win a baya. Yana ɗaga ido sai ga ceɗiya a gabansa, tana ta ƙara girma, ƙyallayenta na kaɗawa kamar tana yafito shi. Nan ya ɗage ƙafa daga totur. Katantanwa kuwa in aka ɗage ƙafa tana cikin aiki sai ta yi atishawa, fishh. Ta yi atishawarta, farar mota ta wuce.

Da yamma ya zauna a bayan shago ya faɗa wa Phi Nian komai, ina jinsu ta jikin kwano.

“To ka ci shi mana, ka kai wa Chao Pho kayansa, mu huta,” in ji ta.

“Nian, ke ba ki san motar nan ba.”

“Na san ta. Ita ce ta cinye mini tabarmar ɗaki, ka ce za ka kwanta a kai ka duba ƙasanta.”

Gaskiyar magana son motar yake yi, so na haƙiƙa, irin wanda ba ya jin shawara. Da hannunsa ya ɗaure kowane noti a jikinta. In ya ci Hia Win ya rasa ta, in bai ci ba Hia Win ya ci gaba da yi masa dariya. Ya zaɓi dariyar.

Amma kafin ya haƙura sai da ya gwada dabaru. Ya kai wa Chao Pho ƙwai kwando guda, wai a sasanta, ya girgiza sandunan duba, wanda ya faɗo ya nuna ba a yarda ba. Ya je wurin Luang Pho, tsohon malamin ɗakin ibadarmu, wanda shi ne ya shafa wa motar farin alli a rufi don albarka. Luang Pho ya saurare shi har ƙarshe, ya kurɓi shayi, ya ce da aka ƙulla cinikin ba a kira shi ba. Daga nan Phi Ruai ya tuna da takardar da muke liƙa wa mota in launinta bai dace da ranar haihuwar mai ita ba, a rubuta wannan motar ja ce alhali baƙa ce, don tsautsayi ya ruɗe ya wuce. Ya sa aka buga masa tasa, ya liƙa a baya: WANNAN KEKE NE. Washegari romonsa ya yi tsami tun kafin azahar, abin da bai taɓa faruwa ba. Da farce ya kankare takardar yana ba da haƙuri.

Haka aka shiga shekarun da kullum shi ne na biyu. Kowace Lahadi sai ya fizga, ya wuce, ya hango ceɗiya, katantanwa ta yi atishawa. Ya fito yana girgiza kai. Yau filogi ne, wani mako man da aka sayar masa ne, wani mako kuma kare ne ya gifta, karen da ba wanda ya gani sai shi. Yara suka sa masa Lung Na Biyu. Kofunan na biyu suka cika shago, Phi Nian ta zuba tsinken cin taliya a cikinsu ta rarraba a tebura.

Abin da ke ba ni haushi da mutumin nan, maimakon ya bar motar yadda take, sai ya ci gaba da ƙara mata ƙarfi. Hannunsa ba ya iya zama. Ya sauya fistin, ya sayo tayoyi masu faɗi marasa zane, ya ƙara wa katantanwa numfashi. Motar na ƙara gudu, faɗuwa na ƙara yi masa wuya. Da can a dab da layi yake ɗage ƙafa, daga baya sai tun tsakiyar fili, har ta kai sai ya haɗa da birki. Na ce masa, “Phi, kai kaɗai ne na sani a duniya da ke kwana biyu a ƙarƙashin mota don ya sha wahalar faɗuwa.” Ya ce in ban da abin faɗa in ƙara masa barkono a kwaɗo.

Akwai ranar da motar Hia Win ta tsinke bel a tsakiyar fili ta tsaya cik. Phi Ruai ya duba madubi, hankalinsa ya tashi, shi ma ya taka birki ya fito ya buɗe bonet yana leƙe-leƙe. Da ya ga Hia Win ya fara tura tasa shi kaɗai, sai ya je ya kama masa, wai ladabin fili ne. Da ƙarfin tumbinsa aka tura farar mota ta tsallake layi. Aka ba Hia Win kofi, aka ba Phi Ruai kyautar ɗan wasa mai halin kirki, ya karɓa fuska a murtuke.

Ranar da abin ya ƙare, Lahadi ce cikin tsananin zafin watan huɗu. Hia Win ya zo da 'yarsa, wadda ba ta saba zuwa ba, kuma ita ce ta tuƙo motar da ke jan tasa. Bai tsokani kowa ba. Suka ƙona taya, hayaƙi ya turnuƙe, suka jera. Fitila ta yi kore, suka tashi, Phi Ruai ya wuce, atishawa ta zo a inda ta saba zuwa. Sai muka ji wata atishawar ta biyu. Hia Win ma ya ɗage ƙafa.

Phi Ruai ya taka birki. Hia Win ya taka. Motocin da aka kashe musu dukiya don su tashi sama suka koma rarrafe, wannan na jiran wancan, har wata kaza ta tsallaka ta gabansu ba tare da ta yi sauri ba. Mai magana a lasifika ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin tseren da za a iya bi a ƙafa ana cin gyaɗa ba. Dab da layi duka biyun suka tsaya. Na ajiye taɓarya na ruga, Phi Nian na biye da ni, don ranar ta zo taya ni ciniki.

Mun iske su kowa ya cire hular kwano, suna magana ta taga.

“Wuce mana, Ai Win.”

“Kai wuce. Ba kai ne a gaba ba?”

“Motata ce ta samu matsala.”

“Wace iri yau? Filogi ko kare?”

“Ina ruwanka?”

“Ai Ruai, kurma ka mai da ni? Shekara nawa ina jin katantanwarka tana atishawa a wuri ɗaya kamar mai mura? Motar da ta lalace ba ta zaɓen wuri. Kuma ina kallonka, in za ka wuce ceɗiyar can sai ka lulluɓe mota da tamfol kana sanɗa. Me ka yi masa alkawari? Ita ce, ko?”

Phi Ruai ya kau da kai. Gumi na ta zuba daga sanƙonsa.

“Sakarai,” in ji Hia Win. “Mutane na cewa ƙwai, kai ka ce mota.”

“Kai ka ja! Wa ya ce tana warin kashin kaji?”

“Yo ƙarya na yi?”

Jama'a sun taru, ana ta ƙyalƙyala dariya. Sai Hia Win ya rage murya, ni da Phi Nian kawai muka ji, don mu ne a jikin taga.

“Yau ce ta ƙarshe a wurina. Yarinyar can ta karɓe makulli, da ƙyar ta ba ni aron na yau. Suga ya cinye idon hagu, na dama ma ya fara tattara kayansa. Fitilar can da kuke gani, ni na daɗe ban ga korenta sosai ba. In na ji ka saki kuloci, sai in saki nawa.” Ya goge fuska da safar hannu. “Kofunan da ke ɗakina duk sadakarka ce, na sani. Ni kuma ba na son in zauna a duhu ina shafa sadaka. Ka taka mini ita sau ɗaya har ƙarshe, in san iyakata.”

“Ka san abin da zai ci mini.”

“Na sani. Shi ya sa ban taɓa roƙonka ba sai yau.”

Tausayi ya kama ni, na duka biyun, har na ji haushin kaina da nake tsaye da warin tafarnuwa a hannu ina share ido. Phi Ruai ya dubi ceɗiya, ya dubi sitiyari, ya dubi matarsa. Na ɗauka Phi Nian za ta yi murna, ga ranar da ta daɗe tana jira. Sai kawai ta miƙa hannu ta mayar masa da hular kwano a ka, ta gyara masa igiyar.

“In za ka yi, ka yi da kyau, tsoho,” in ji ta. “Kada ka kunyata mu a gaban mai ƙanƙara.”

Dokar fili ba ta yarda a sake tsere ba, amma ba wanda ya iya buɗe baki ya faɗa wa tsofaffin nan haka. Suka koma da baya har wurin tashi. Hia Win ya sa aka sauke buhun ƙanƙara biyu daga motarsa, ɗaya nasa, ɗaya na Phi Ruai. Aka jera. Wannan karon filin ya yi tsit.

Ni ban san mota ba, amma na san ban taɓa jin motar Phi Ruai ta yi irin kukan da ta yi ranar ba. Tayoyin gaba suka bar ƙasa. Ta wuce tsakiyar fili, ta wuce wurin atishawa ba ta yi ba, kukan na ta ƙara hawa har na toshe kunne. Sai da ta tsallake layi sannan katantanwa ta saki numfashi. Hia Win bai yi wasa ba shi ma, ya taka iyakar ƙarfinsa, amma a baya ya zo. Yaran da ke ce masa Lung Na Biyu suka ɗauki Phi Ruai sama, suka ji nauyi, suka sauke shi.

Bai ko koma gida da ita ba. Ya wanke ta a famfon da nake wanke turmi, ya goge, ya tuƙa ta a hankali har gindin ceɗiya, ya faka ta tsakanin gumakan jakin dawa da mutane suka kawo. Ya rataya mata sarƙar furanni a madubi, ya rataye makulli a jijiyar bishiya, ya durƙusa ya ce, “Ga ta nan. Ba ta son mai mai arha.” A bayan babur ɗin Phi Nian ya koma gida, rungume da kofi.

Yanzu motar na nan, an yi mata rumfar kwano. Masu neman lambar caca suna zuwa su shafa mata hoda a ƙofa su murza da yatsa ko lamba za ta fito, Phi Ruai kuma na binsu da tsumma yana masifa kada su kankare fenti. Kowace Lahadi bayan ya rufe shago da rana sai ya je, ya kunna turare, ya nemi izini wai zai ɗuma wa Chao Pho injinsa kada ya daskare. Ba ya sa giya. Ya dai zauna a ciki ya yi ta taka totur a tsaye.

Hia Win ma 'yarsa na kawo shi, da baƙin tabarau da sanda. Ya kan dafa bonet ya tsaya yana saurare. Makon jiya ina kusa na ji ya ce, “Ai Ruai, ranar nan, da nawa ka wuce ni? Ni ban ga komai ba sai hayaƙi.”

Phi Ruai ya kashe injin. “Kaɗan ne. Rabin mota, ko bai kai ba.”

“Maƙaryaci. Na ji ka da kunnena, ka fi tsawon mota uku.”

“Biyu da rabi.”

Hia Win ya shafa bonet mai zafi da hannunsa. Can ya gyaɗa kai.

“Biyu da rabi,” in ji shi. “To ban yi laifi ba. Sake tayar da ita.”